Auna Ƙimar Fifikon Rubisko Tsakanin Iskar Kabon da Iskar Oksijin: Hanyoyin Awo da Matsalar Kwatanta Sakamako

Tsakure

Rubisko shi ne enzayim ɗin da tsirrai ke kama iskar kabon da shi domin haɗa abinci, sai dai yakan kama iskar oksijin a madadinta, lamarin da ke rage amfanin da tsiro ke samu daga hasken rana. Wannan maƙala ta bibiyi hanyoyin da masana suka bi tun daga 1971 wajen auna iya gwargwadon yadda enzayim ɗin ke fifita iskar farko a kan ta biyu, ta kuma nuna cewa adadin da ake bugawa a mujallu ya dogara ƙwarai a kan hanyar awo, da lissafin narkewar iska, da zafin da aka yi gwajin a cikinsa. Matsayin maƙalar shi ne cewa kwatanta sakamakon ɗakunan bincike daban-daban ba tare da la'akari da waɗannan abubuwa ba ganganci ne, kuma awon da aka saba yi a digiri 25 bai wadatar ba ga amfanin gonar ƙasashe masu zafi.

1.0 Gabatarwa

Enzayim furotin ne da ke gaggauta wani aikin sinadarai a jikin halitta ba tare da shi kansa ya ƙare ba. A cikin ganye, a wasu ƙananan ɗakunan ƙwayar halitta da ake kira kuloroplas, Rubisko yana ɗaukar iskar kabon, wato CO2, ya haɗa ta da wani sukari mai ƙwayoyin kabon 5 da ake taƙaita sunansa da RuBP, sai abin da aka haɗa ya rabe gida biyu, kowane kashi ya zama sinadari mai kabon 3 da ake kira PGA, wanda daga gare shi tsiro ke gina sukari da sitaci. Sam Wildman da James Bonner ne suka fara keɓe wannan furotin daga ganye a 1947 ba tare da sun san aikinsa ba, sai a tsakiyar shekarun 1950 aka gane cewa shi ne ƙofar zagayen haɗa sukari da Melvin Calvin da Andrew Benson da James Bassham suka zayyana. A tsirran tudu yana da sassa 16, manya 8 da ƙanana 8, kuma yana da nawa ƙwarai, domin kowane gurbin aikinsa ba ya wuce kama ƙwayar CO2 kamar 3 a daƙiƙa guda. Wannan nawa ce ta sa ganye ke tara shi da yawa, har Yinon Bar-On da Ron Milo suka ƙiyasta a 2019 cewa nauyinsa a duniya ya kai wajen tan miliyan 700.

Tun a 1920 Otto Warburg ya lura cewa yawan iskar oksijin, wato O2, yana rage haɗa abinci a gansakukar Chlorella, amma an shafe rabin ƙarni ba a san dalili ba. A 1971 George Bowes da William Ogren da Richard Hageman, a Jami'ar Ilinois ta Amurka, suka nuna cewa Rubiskon waken suya yana haɗa O2 da RuBP a gurbin da yake haɗa CO2. Idan hakan ta faru, maimakon PGA biyu sai a samu guda ɗaya tare da wani sinadari mai kabon 2 da ake kira fosfogilaikolet, wanda ba shi da amfani kai tsaye, kuma idan ya taru yana toshe wasu enzayim. Tsiro yana kwashe shi ta wata doguwar hanya da ake kira numfashin haske, inda yake kashe kuzari, ya saki amoniya da sai ya sake kamawa, ya kuma yi asarar ƙwayar CO2 guda a kan kowane kamun O2 biyu. Wani ƙiyasi da Berkley Walker da abokan aikinsa suka buga a 2016 ya nuna cewa wannan asara tana rage amfanin waken suya a Amurka da kashi 36 cikin ɗari, na alkama kuwa da kashi 20.

2.0 Ma'anar ƙimar fifiko

William Laing da Ogren da Hageman ne suka tsara lissafin a 1974. Tunda iskokin biyu suna gasa ne a kan gurbi guda, rabon da ke tsakanin saurin kamun kabon da saurin kamun oksijin daidai yake da wani adadi tabbatacce da aka ninka da rabon da ke tsakanin yawan CO2 da yawan O2 a wurin da enzayim ɗin yake. A alamance ana rubuta shi vc/vo = S × [CO2]/[O2], kuma wannan S ita ce ƙimar fifiko. Ma'anarta a sauƙaƙe ita ce, da za a ba wa enzayim ɗin iskokin biyu daidai wa daida, sau nawa zai kama kabon kafin ya kama oksijin sau ɗaya. A tsirrai irin su alkama da shinkafa da taba, adadin yana faɗawa tsakanin 80 da 100 ko ɗan sama da haka a digiri 25.

Mai karatu zai iya ɗauka cewa kuskure ɗaya cikin 90 ba abin damuwa ba ne, amma iskokin ba daidai wa daida suke a sarari ba. Oksijin ta ɗauki kashi 21 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa, kabon kuwa wajen kashi 420 ne cikin miliyan, wato ta farko ta ninka ta biyu kusan sau 500. Abin da ya rage gibin shi ne CO2 ta fi O2 narkewa a ruwa da kusan ninki 26 a digiri 25. Duk da haka, a cikin kuloroplas na ganyen da ke aiki ana samun O2 wajen maikuromola 250, CO2 kuwa wajen 8 kacal, saboda sai ta ratsa ƙofofin ganye da bangon ƙwayoyi kafin ta isa, ga kuma enzayim ɗin yana cinye ta. Idan aka ninka 90 da 8 aka raba da 250, abin da ya fito bai cika 3 ba, wato a kan kowane kamun kabon 3 akwai kamun oksijin guda. Wannan lissafi ne ya sa bambancin maki 10 a ƙimar fifiko yake da daraja a wurin masu kyautata iri, shi ne kuma ya sa kuskuren maki 10 a wurin awo yake da tsada.

3.0 Hanyoyin awo a ɗakin gwaji

Kafin a auna komai sai an tace enzayim ɗin daga ganye, sannan a farkar da shi. George Lorimer da Murray Badger da John Andrews sun nuna a 1976 cewa Rubisko ba ya aiki sai wata ƙwayar CO2 dabam, wadda ba ita za a kama ba, ta maƙale a wani gurbi nasa, sannan maganiziyam ya biyo baya ya zauna. Ƙimar fifiko tana da wata falala a nan, domin da yake rabo ce tsakanin ayyuka biyu na gurbi ɗaya, ba ta damu da ko rabin enzayim ɗin ya lalace wajen tacewa ba, muddin an auna ayyukan biyu a lokaci guda cikin kwalba guda. Masu bincike na farko da suka auna kowane aiki dabam, suka fitar da adadai huɗu sannan suka haɗa su, sun tara kurakuran awo huɗu ne a cikin sakamako ɗaya.

Douglas Jordan da Ogren suka warware wannan a 1981 ta hanyar amfani da alamomi biyu masu tartsatsin nukiliya da na'ura ke iya ƙirgawa. Sun saka kabon-14 a cikin iskar kabon, suka saka tiritiyam, wato nau'in haidurojin mai nauyi, a jikin ƙwayar kabon ta farko ta RuBP. Bayan an tsayar da aikin da asid, duk kabon-14 da ya saura a kwalba shi ne wanda aka kama, domin wanda ba a kama ba ya fice a matsayin iska, tiritiyam ɗin da aka tarar a jikin gilaikolet, wato fosfogilaikolet da aka cire wa fosfet, kuwa shi ne shaidar kamun oksijin. Da wannan hanya suka nuna a karon farko cewa fifiko ya bambanta daga halitta zuwa halitta: bakteriyar Rhodospirillum rubrum tana da ƙasa da 20, sayanobakteriya wajen 50, koren gansakuka wajen 60, tsirran tudu wajen 80.

A cibiyar Rothamsted ta Ingila, Martin Parry da Alfred Keys da Steven Gutteridge suka fito da wata hanya a 1989 wadda ta fi sauƙi da araha. Ana zuba enzayim a ɗan ƙaramin mazubi mai na'urar auna oksijin a gindinsa, a rufe shi ruf ba tare da kumfa ko ɗaya ba, a tura sanannen adadin RuBP da sirinji, a jira har ya ƙare ƙurmus. Layin da na'urar ke zanawa zai sauka na ɗan lokaci sannan ya miƙe, kuma nisan saukarsa shi ne oksijin ɗin da aka kama. Abin da ya rage na RuBP ana ɗauka cewa kabon ne ya cinye shi. Raunin hanyar yana cikin wannan ɗauka. RuBP sinadari ne mai saurin lalacewa, kuma idan kashi kaɗan nasa ya gurɓace, ko aka yi kuskuren auna yawansa, lissafin zai jingina wa kamun kabon abin da bai yi ba. Don haka masu bin wannan hanya sukan auna Rubiskon alkama a gefen kowane gwaji, su mai da shi ma'aunin da ake daidaita sauran a kansa.

Matsala mafi girma, wadda ta shafi hanyoyin biyu, tana ɓoye ne a wurin da ba a cika dubawa ba. Tun 1969 aka tabbatar cewa narkakkiyar CO2 Rubisko ke kamawa, ba bayikabonet ba, wato siffar da CO2 ke rikiɗewa zuwa gare ta a cikin ruwa, alhali a ɗakin gwaji bayikabonet ake zubawa, sannan a lissafa kason da ya rikiɗe ya zama CO2. A ruwan gwaji mai ma'aunin tsami pH 8 ko ɗan sama, wannan kaso bai wuce wajen 1 cikin ɗari ba, kuma lissafinsa ya rataya a kan wani adadi da ake kira pKa. A tsantsar ruwa a digiri 25 adadin 6.35 ne, amma gishirin da ke cikin ruwan gwaji yana sauko da shi zuwa wajen 6.1 ko 6.2. Da yake ma'aunin na ninkin goma ne, saɓanin 0.1 kacal yana sauya yawan CO2 da aka lissafa da kusan kashi 26 cikin ɗari, ya kuma ja ƙimar fifiko tare da shi. Ɗakunan bincike biyu za su iya yin gwaji iri ɗaya a kan ganye iri ɗaya, ɗaya ya buga 80 ɗaya ya buga 100, ba don wani ya yi kuskure da hannunsa ba, sai don kowanne ya ɗauko pKa daga littafi dabam. Wannan tazara ta kai, ko ma ta fi, bambancin da ke tsakanin yawancin amfanin gona, wanda shi ne aka fito nema tun farko.

Heather Kane da abokan aikinta a Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya da ke Kanbera sun kauce wa wannan tarko a 1994. Maimakon zuba bayikabonet, sai suka riƙa busa wa ɗan ruwan gwajin haɗaɗɗiyar iska wadda aka san rabon CO2 da O2 a cikinta daidai, har ruwan ya daidaita da ita. Alama ɗaya suka yi amfani da ita, kabon-14 a ƙwayar kabon ta farko ta RuBP, wadda ke faɗawa cikin PGA idan kabon aka kama, ta faɗa cikin fosfogilaikolet idan oksijin aka kama. Bayan an cire fosfet daga jikinsu, na'urar rarrabe sinadarai tana fitar da tudu biyu a kan takarda, kuma rabon girmansu shi ne rabon ayyukan biyu. Ba a buƙatar pKa, ba a buƙatar sanin yawan RuBP, abin da ya rage kawai shi ne rabon narkewar iskokin biyu. A ra'ayin wannan maƙala ita ce hanya mafi inganci, ko da yake tana buƙatar na'urar haɗa iska mai tsada da kuma izinin riƙe kayan nukiliya. Akwai kuma masu amfani da na'urar auna nauyin ƙwayoyi, wadda ke zuƙo iskokin biyu ta wata siririyar fata tana auna raguwarsu lokaci guda, hanyar da Asaph Cousins da abokansa suka bayyana a 2010.

4.0 Awo a jikin ganye

Ana iya kusantar ƙimar fifiko ba tare da an niƙa ganye ba. Akwai wani matakin CO2 da idan aka sauko gare shi, abin da Rubisko ke kamawa yakan yi daidai da abin da numfashin haske ke saki, kuma tunda ƙwaya ɗaya ake saki a kan kamun oksijin biyu, wannan mataki daidai yake da rabin yawan O2 idan aka raba shi da S. Agu Laisk na ƙasar Istoniya ya nuna a 1977 cewa idan aka maƙala ganye a akwatin auna iska, aka rage CO2 mataki-mataki a ƙarƙashin haske mai ƙarfi daban-daban, layukan da aka zana za su haɗu a wuri guda, kuma mahaɗar tana nuna wannan mataki. Carl Bernacchi da abokansa sun samu 42.75 cikin miliyan a ganyen taba a 2001, adadin da idan aka juya shi yake ba da fifikon da ya kai wajen 2,450 a ma'aunin iska, ko kuma ɗan sama da 90 a ma'aunin narkakkiyar iska. Dole ne marubuci ya faɗi ma'aunin da ya bi, domin adadan biyu abu ɗaya suke nufi. Naƙasun wannan hanya shi ne akwatin yana ganin iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ganye ne, ba wadda ke cikin kuloroplas ba, kuma sai an ƙiyasta abin da ya ɓace a tsakani.

5.0 Abin da awon ya bayyana

Gwarazan fifiko ba a gona suke ba. Jan gansakuka Griffithsia monilis yana da wajen 167, an kuma bayar da rahoton 238 ga Galdieria partita, wadda ke rayuwa a maɓuɓɓugan ruwan zafi masu asid, daga masu bincike na Japan a 1997. Cikin tsirran tudu, Jeroni Galmés da abokansa sun samu wajen 110 a Limonium gibertii, wani tsiron busassun gaɓoɓin tsibiran Baleyarik na Sifen, a 2005. An daɗe ana lura cewa Rubisko mai yawan fifiko yakan yi nawa, mai sauri kuma yakan yi sakaci. Guillaume Tcherkez da Graham Farquhar da Andrews sun ba da bayani a 2006 cewa tunda iskokin biyu ƙanana ne, ba su da wata siffa da gurbin enzayim zai riƙe ya tantance su da ita, sai dai ya bambanta su a daidai lokacin da haɗin ke ƙulluwa, ta hanyar damƙe abin da ke haɗuwa da ƙarfi. Wannan damƙa kuwa ita ce ke hana shi sakin abin da ya haɗa da wuri. Daga nan suka yanke cewa kowane Rubisko ya kusa kaiwa iyakar abin da zai iya a muhallinsa. Amma da Avi Flamholz da abokansa suka tattara sakamakon kusan Rubisko 300 a 2019, sai suka tarar cewa alaƙar sauri da fifiko ba ta kai ƙarfin da aka zata ba. Abin lura shi ne wannan muhawara, wadda a kanta fatan kyautata enzayim ɗin ya rataya, ana yin ta ne da adadan da aka tsinto daga ɗakunan bincike masu hanyoyi mabambanta, don haka wani ɓangare na warwatsuwar adadan na hanyar awo ne, ba na halitta ba.

Wasu tsirrai sun bi wata dabara dabam, wadda Hal Hatch da Roger Slack suka fayyace a ganyen rake a 1966. Gero da dawa da masara da acca da alayyafo suna fara kama kabon ne da wani enzayim da ake kira PEPC, wanda bayikabonet yake ɗauka kuma ba ruwansa da oksijin, sannan su tura kabon ɗin cikin wasu ƙwayoyi na can ciki inda yake taruwa a kewayen Rubisko ninki da dama. Ana kiran waɗannan tsirrai C4, kuma Rubiskonsu yakan fi sauri, fifikonsa kuma ya ɗan yi ƙasa, domin ba ya cikin matsi. Wake da gyaɗa da shinkafa da alkama da rogo da auduga kuwa tsirran C3 ne, ba su da wannan kariya. A gonar da aka haɗa gero da wake a ƙasar Kano ko Maraɗi, tsirrai biyu ne a kunya ɗaya ƙarƙashin rana ɗaya, amma waken kaɗai ke biyan harajin numfashin haske cikakke.

6.0 Zafi da amfanin gonar ƙasashe masu zafi

Zafi yana cutar da tsiron C3 ta fuska biyu. Narkewar CO2 a ruwa tana raguwa da sauri fiye da ta O2, kamar yadda lemon kwalba ke saurin salancewa idan ya ɗumama, sannan shi kansa enzayim ɗin fifikonsa yana sauka, kamar yadda Jordan da Ogren suka nuna a 1984. Idan aka bi lissafin Bernacchi, matakin da ya kasance 42.75 a digiri 25 yana hawa zuwa wajen 70 a digiri 35, ya kuma ninka a digiri 40. Digiri 25 da aka mayar ma'aunin kowa ya dace da lokacin noma a Turai, amma a Sakkwato da Yamai zafin bazara yana haura 40, kuma ganyen da ya rufe ƙofofinsa saboda ƙarancin ruwa yana fin iskar da ke kewaye da shi zafi, ga CO2 ta ƙara ƙaranci a cikinsa. Babu tabbacin cewa irin da ya fi fifiko a digiri 25 shi ne zai fi a digiri 38, domin saurin saukar fifiko ya bambanta tsakanin tsirrai, abin da binciken Douglas Orr da abokansa a kan nau'o'i 75 ya taɓo a 2016 ta hanyar aunawa a zafi fiye da ɗaya.

Nijeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman wake, kuma masu bincike na Jami'ar Lankasta ta Ingila sun riga sun nuna a 2022 cewa Rubiskon wake yana saurin mutuwar jiki idan inuwa ta rufe ganye, lamarin da ke da muhimmanci ga tsiron da ake shukawa a ƙarƙashin gero da dawa. Irin da za a gwada yana nan a ajiye a cibiyar IITA da ke Ibadan, wadda ke da reshe a Kano, da kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, kuma hanyar Rothamsted da ta Laisk ba sa buƙatar kayan nukiliya. Ana kira ga masu binciken da za su ɗauki wannan aiki da su auna wake da gyaɗa da shinkafa a digiri 25 da 35 da 40, su saka alkama a kowane gwaji a matsayin abin kwatance, su kuma rubuta hanyar da suka bi, da pKa ɗin da suka ɗauka, da adadan narkewar iska, da ma'aunin da suka bayar da sakamako a cikinsa, ta yadda wani ɗakin bincike zai iya sake lissafin daga tushe.